Mun yarda mutum yana tashi sama, amma tabarau ya gagare mu?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah kada wani ya ce mini "ai fim ne", na san fim ne. A The Flash, mai dogon zangon nan da aka yi daga 2014 zuwa 2023, an nuna mana Barry Allen yana cafe harsashi da hannu, yana gudu a kan ruwa, yana hawa bangon bene a guje, har yana komawa jiya ya gyara abin da ya ɓaci. Duk na haɗiye, ban yi musu ba. To sai ga Captain Cold, mutum kamar ni da kai, ba shi da komai sai rigar sanyi da bindiga mai fesa ƙanƙara. Ya tsaya ya gama surutunsa, ya ɗaga bindiga, ya saita, ya harba, kuma wai ya same shi. Nan take raina ya fita daga fim ɗin. Haka Superman: ya ɗaga jirgin sama ban ce uffan ba, amma ya sa tabarau ya koma ɗan jarida Clark Kent, abokiyar aikinsa Lois Lane ta kasa gane shi, sai in ji ana raina mini hankali. Me ya sa babbar ƙaryar take wucewa sumul, ƙaramar ce take tsaya mini a wuya?

Hajjo:
Wa alaikumus salam. Ai fim ne 😂

Ɗan Fagge:
Hajjo Allah ya shirye ki.

Malamin Fiziks:
Ƙanena, tambayarka ta girme mu duka. Tun 1817 wani mawallafin waƙoƙi a Ingila, Coleridge, ya ce mai karatu da kansa yake ajiye shakkarsa a gefe na ɗan lokaci don ya ji daɗin labari. A 1939 Tolkien, cikin wata lacca da ya gabatar a jami'ar St Andrews, ya ƙi yarda da haka. A ganinsa idan marubuci ya iya aikinsa, ba ka ajiye komai, kana cikin duniyar ne kurum kana bin dokokinta. Sai aiki ya lalace ne kake fara daurewa kana kau da kai. Ni ina bayan Tolkien.

Ga yadda nake kallon abin. Marubuci yana da damar shara babbar ƙarya guda ɗaya, kyauta. Ya ce tsawa ta faɗa wa mutum ya zama ya fi sauti gudu, mun karɓa. Amma daga lokacin da muka karɓa, ƙaryar ta zama doka, kuma dokar ta fi hawa kansa a kanmu. Ba ilimin fiziks Captain Cold ya karya ba, alƙawarin da marubucin ya yi maka ne aka saɓa.

Dubi mutuwar Gwen Stacy, budurwar Spider-Man, a littafin Amazing Spider-Man lamba 121, shekarar 1973. Green Goblin ya jefo ta daga saman gada, Spider-Man ya harba zarensa ya kama ƙafarta, ta tsaya cak, wuyanta ya karye. Mu ɗauka ta faɗo mita 90. Lissafi ya ba ka gudun da ya kai kimanin kilomita 150 a awa. Ka tsayar da jikin ɗan Adam daga wannan gudun cikin ƙiftawar ido, ba abin da zai rage. Ka ga labarin da mutum yake manne wa bango, amma ya girmama nauyi da faɗuwa, shi ya sa har yau ake maganarsa. Wani farfesa a jami'ar Minnesota, James Kakalios, da wannan misalin yake koyar da ɗalibansa.

Yanzu ɗauki Ant-Man na 2015. Da bakinsa Hank Pym, wanda ya ƙirƙiro sinadarin ƙanƙance mutum, ya ce sinadarinsa tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra yake ragewa. Ke nan nauyi yana nan, shi ya sa naushin ɗan mitsitsin mutum yake kayar da ƙato. Madalla. Sai ga shi wannan mai nauyin babban mutum ya hau bayan tururuwa ta tashi da shi, shi kuma Pym yana yawo da tankar yaƙi a maƙale da makullansa. Da ba su yi bayani ba da ban tanka ba. Su suka jawo ni.

Kawu Damagaram:
Malam ka tuna mini da nisa. Mu nan a mujallar Strange ta Faransanci muka san Spider-Man, wadda ake bugawa a Lyon, sai ta zaga hannu da yawa kafin ta iso gare ka, bangon ma ya yage. A wannan labarin na Gwen, rubutu ya ce gadar George Washington ce, zane kuma gadar Brooklyn ya nuna. Mutanen New York sun lura, mu ko a jikinmu. Riƙe wannan, za ta yi amfani: kowa da inda iliminsa yake hana shi yarda.

Maganar tabarau kuwa, ɗana na Fagge, ban goyi bayanka ba. Superman ba ya rufe fuska. Batman yana rufewa, don haka kowa ya san akwai wani a ƙarƙashi, sai a shiga nema. Shi kuwa Superman fuskarsa a buɗe, ya faɗi daga inda ya fito, me zai sa wani ya yi zaton yana da aikin ofis? Ka ga mutum mai kama da gwamnan jiharku a layin mai ƙosai da silifa, yana cinikin na ɗari biyu. Za ka ce gwamna ne? Cewa za ka yi kai, wannan bawan Allah yana kama da gwamna, ka wuce.

John Byrne ya yi wannan da kyau a Superman lamba 2 ta 1987. Lex Luthor ya sa aka tara bayanai aka zuba wa kwamfuta, kwamfuta ta ce Clark Kent shi ne Superman. Luthor ya ƙi yarda, ya kori matar da ta yi aikin, don a tunaninsa ba mai irin wannan ƙarfi da zai yarda ya zauna a matsayin talaka. Girman kansa ne ya rufe masa ido, ba gilashi ba. Kuma ku koma ku kalli Christopher Reeve a fim ɗin 1978, wurin da yake ɗakin Lois ya cire tabarau ya miƙe bayansa, murya ta sauya. A gaban idonka mutum ɗaya ya zama biyu, babu dabarar kwamfuta ko ɗaya.

Ɗan Fagge:
Kawu Allah ya ƙara girma, na yarda da mutumin titi. Amma Lois fa? 'Yar jarida ce mai bincike, tebur ɗinsu ɗaya da Clark, Superman kuma ya sha ɗaukar ta a hannu. Murya fa? Tsawo fa? Duk ranar da gari ya rikice Clark ya ɓace, ba ta taɓa haɗa biyu da biyu ba?

Kawu Damagaram:
Ta sha haɗawa. A littattafan shekarun 1950 da 1960 rabin aikinta ke nan, ta ɗana masa tarko shi kuma ya zille, wani lokaci da mutum-mutumi mai kamarsa, wani lokaci Batman ya sa kayansa. Inda suka ɓata rawarsu da tsalle shi ne 1978, Superman lamba 330, da suka ce wai gilashin tabaran daga jirgin Krypton aka yanko shi, yana ƙara ƙarfin wani siddabaru da ke sa mutane su ga Clark a rame. Ba wanda ya roƙe su bayani. Bayanin ya fi matsalar muni, su ma da kansu suka yi shiru da shi daga baya. A ƙarshe dai Clark ya gaya mata da bakinsa a 1991, suka yi aure a 1996, aka huta.

Maman Ilham:
Ku kuna ta tabarau, ni nawa ciwon daban ne. Aikin jinya nake yi, kuma abin da ya hana ni sakewa da Smallville, shirin ƙuruciyar Clark, ke nan. Zango goma, daga 2001 zuwa 2011, duk sanda Clark zai nuna ƙarfinsa sai an buga kan Lana ko Lex ko Chloe da bango sun suma, don kada su gani. Su farka bayan an gama, su shafa ƙeya, su tafi makaranta. Jama'a, wanda duka a kai ya sumar da shi na mintoci, hoton ƙwaƙwalwa ake aika shi, ana duba ko jini na taruwa a ciki. A maimaita masa haka shekara goma, ko sunansa ba lallai ya riƙe ba.

Sai Batman da ake ta yabo wai ba ya kisa. Yana jefo mutum daga bene, yana haɗa kan wani da ƙarfe, ya taka ƙirjin wani da takalmin yaƙi, sai a ce ai bai kashe kowa ba. A wane asibiti? Kuma a The Dark Knight Rises na 2012, Bane ya karya masa baya, aka jefa shi kurkukun rami, wani fursuna ya naushi ƙashin ya koma, aka rataye shi da igiya, bayan 'yan watanni yana tsallen bango. Ranar na kusa kashe talabijin. Mun ga masu ciwon laka, mun san yadda iyalansu ke wahala kafin mutum ya iya zama da kansa. Superman ya yi abin da ya ga dama, ba ɗan Adam ba ne. Amma Batman duk tallarsa ita ce shi mutum ne kamar kowa. To jikin mutum na sani.

Ban da na'urar jan zuciya da suke manna wa wanda layin zuciyarsa ya miƙe. Ba a yin haka. Danna ƙirji ake yi da allura. Wannan kam ba finafinan jarumai kaɗai ba, duk sun iya shi.

Hajjo:
Anti to ai da an bi taki, Batman zai yi fim ɗaya ne ya ƙare a keken guragu, mu koma kallon labarai.

Maman Ilham:
A littafin ma ai ya zauna a keken, Knightfall na 1993, har wani ya karɓi rigar na wani lokaci. Ban ce kada ya warke ba ƙanwata, cewa na yi a nuna ya biya wani abu. Kin ga Daredevil na Netflix, 2015, kashi na biyu, faɗan cikin lungun nan? Ya shigo da raunin da wata ma'aikaciyar jinya ta ɗinke masa, yana duka yana haki, yana jingina da bango, waɗanda ya kayar suna sake tashi. Makaho ne mai jin bugun zuciyar mutum daga nesa, ban yi gardama ba, saboda gajiyarsa gaskiya ce.

Baban Khalifa:
Ni a ganina kuna ɗora wa marubuta laifin da na 'yan kasuwa ne. Zangon farko na The Flash kashi 23 ne, kowanne kusan minti arba'in da 'yan kai. Daredevil kashi 13. Idan Barry ya yi amfani da gudunsa yadda ya kamata, kowane bos zai tsinci kansa a kurkuku kafin a gama rubuta sunayen 'yan wasa. Me za a cika sauran lokacin da shi? Dole ya tsaya ya yi magana, dole a buge shi a karon farko, ya koma wurin abokansa a ba shi baki, ya dawo ya ci nasara. Ga kuɗi: duk daƙiƙar da yake gudu aikin kwamfuta ne mai tsada, tsayuwa a yi hira kuwa kyauta ce. Smallville ma tun farko masu shi suka kafa sharaɗin ba riga ba tashi sama.

Matsalar ta tsufa. A 1938 da Siegel da Shuster suka fito da Superman, ba ya tashi, tsalle yake yi na kimanin mita 200. A hankali aka yi ta ƙara masa, zane mai motsi na 1941 ya taimaka wurin mai da shi mai tashi, har aka kai lokacin da yake tura duniyoyi. Da ƙarfi ya yi yawa sai aka rasa mai kayar da shi, sai kryptonite, dutsen da ke raunana shi, wanda a shirin rediyo ya fara fitowa a 1943, ya zama kowane ɗan daba a Metropolis yana da guntunsa a aljihu. A 1986 dole aka rage masa ƙarfi.

Malamin Fiziks:
Baban Khalifa, ka faɗi dalilin da ya sa suka yi, ba ka ce daidai ne ba. Mai kallo ba ruwansa da kasafin kuɗinsu.

Baban Khalifa:
Haka ne Malam, amma mai kallon ne dai yake dawowa kowane mako har zango tara. Da iyakar nan da kuke faɗa tana da kaifi, da an daina tun a na biyu.

Goggon Yara:
Ina ta karatu ina dariya. Ku da kuka tashi da tatsuniya yau ku ne masu tuhumar Bature da ƙarya? Gizo ya ari gashin tsuntsaye ya bi su sama, kura ta yi magana, ba yaron da ya taɓa ɗaga hannu ya ce Goggo ina hujja. An ce ga ta nan ga ta nanku, kun ce ta zo mu ji ta, shi ke nan an ƙulla. A ƙarshe mai bayarwa da kanta take cewa ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya. Amma ku gwada ba yara labarin da Gizo ya samu nama ya raba wa kowa tsakani da Allah ya haƙura da nasa. Nan take za su ce ba haka ba ne. Tashi sama ba ya damun su, sauya hali ne ba sa yafewa.

Hajjo:
Goggo kin gama magana. Abin da ya sa ban taɓa yafe One More Day ba ke nan. 2007, an harbi Anti May, tsohuwa tana bakin mutuwa, sai Peter Parker, wato Spider-Man, ya zauna da Mephisto, shaiɗani ƙarara, ya sayar masa da aurensa da Mary Jane don ta rayu. Auren da aka ɗaura tun 1987. Yaron da duk tarihinsa a kan ɗaukar nauyin abin da ya aikata aka gina shi. Ba don labari ya kai can ba, don shugabannin Marvel suna son ya koma gwauro ne. Gizo-gizo mai guba ya cije shi ya ba shi ƙarfi, na yarda. Wannan kuwa har gobe a'a.

Kawu Damagaram:
Hajiya Goggo, akwai bambanci ɗaya. Tatsuniya a dare ɗaya take ƙarewa, a ce ƙurunƙus, gobe Gizo ya dawo sabo, ba wanda zai ce ai jiya kura ta cinye shi. Su kuwa waɗannan sun nace cewa labari ɗaya ne yake tafiya tun 1938 da 1939, duk abin da ya faru ya faru. Nan suka ɗaure kansu. Peter Parker ɗan sakandare ne a 1962, yau ko furfura babu. Iron Man a Vietnam ya samu rauninsa a 1963, a fim ɗin 2008 ya zama Afganistan. Joker tun 1940 ake kama shi yana tserewa, ya kashe mutanen da ba su ƙirguwa, kuma ba a taɓa samun alƙali ko ɗan sanda a Gotham da ya ce ya isa haka ba.

Mutuwa ce ta fi. A 1988 kamfanin DC ya ba masu karatu lambar waya su zaɓa ko Robin na biyu, Jason Todd, yaron Batman, ya rayu ko ya mutu. Ƙuri'a 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce ya rayu, tazarar 72. Aka kashe shi. A 2005 ya dawo, da aka nemi dalili sai aka ce wani Superboy na wata duniya ne ya naushi bangon halitta har tarihi ya girgiza. Bucky ma, abokin Captain America, a 2005 ya dawo da sunan Winter Soldier. Jean Grey ta X-Men ta mutu a 1980 ta dawo a 1986. Superman ya mutu a ƙarshen 1992, jaridun duniya suka ɗauka, mutane suka yi layi suna sayen littafin su ajiye, kafin shekara ta zagayo ya tashi. Tun daga nan idan aka ce wane ya mutu, tambayar da ake yi ita ce yaushe zai dawo. Marubuci ya zubar da makaminsa mafi kaifi da hannunsa.

Baban Khalifa:
Amma Kawu dawowar Bucky ta yi daɗi, ko kai ka sani. Winter Soldier na cikin mafi kyawun abin da suka yi.

Kawu Damagaram:
Ta yi, don marubucin, Brubaker, ya sa dawowar ta fi mutuwar ciwo. Ɗaya ke nan cikin nawa?

Ɗan Fagge:
Tunda an zo nan, a warware mini ta Thanos, mugun finafinan Avengers. Ya kaɗa yatsa rabin duniya ta ɓace, bayan shekara biyar aka dawo da su. Fim na gaba, Spider-Man: Far From Home, 'yan makaranta sun tafi yawon buɗe ido Turai ana ta barkwanci. Ni kuwa tunanina: an raba gado, an sayar da gida, mata ta yi takaba ta yi wani aure har da 'ya'ya biyu, sai ga maigida ya bayyana a tsakar gida yana tambayar abincin rana. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace shekara huɗu take jira sannan ta yi idda. Su biyar suka yi. Wa zai raba wannan rigima?

Shugaban Zaure:
A bar fatawa ga malamai don Allah, kada zaure ya koma kotu 😅

Hajjo:
Sun ɗan taɓa shi a The Falcon and the Winter Soldier, 2021. Akwai sansanonin waɗanda aka kora daga gidajen da suka zauna, har banki ya hana jarumin, Sam, bashi don ba shi da shaidar samun kuɗi na shekara biyar. Amma gaskiya taɓawa ce kawai. Abinci ma fa? Noman rabin mutane aka yi, rana ɗaya baki ya ninka.

Ɗan Yerwa:
Tun ɗazu nake bi ban sa baki ba. Kawu ya ce kowa da inda iliminsa yake hana shi yarda, to ga nawa. A farkon Black Panther, 2018, an rubuta a allo ƙarara: dajin Sambisa, Najeriya. Ayarin motoci da 'yan bindiga da matan da aka sace. Na farko, dajin da suka nuna mai duhuwa ne, dogayen itatuwa a cunkushe. Sambisa ba haka take ba, ƙaya ce da sarƙaƙiya da fili, ga tsamiya da kuka jefi-jefi. Wannan ƙarami ne, na bar shi.

Babban shi ne jarumin, T'Challa na ƙirƙirarriyar ƙasar Wakanda, ya diro daga jirgi, cikin minti biyu ya gama da su kaf, kuma ba don matan ya zo ba, Nakia, 'yar leƙen asirin ƙasarsu, ya zo ɗauka ta halarci naɗinsa. Aka ce wa matan su tafi gida kada su faɗa wa kowa. An sace 'yan matan Chibok 276 a 2014, lokacin da fim ɗin ya fito da yawansu ba su dawo ba. Kwana kaɗan da fitowarsa, a watan Fabrairun 2018 ɗin dai, aka kwashe 'yan mata 110 a Dapchi. Ka zauna kana kallon wani mai rigar damisa yana yin abin da aka yi shekaru ana roƙon Allah a kansa, a matsayin ɗan ɗumama jiki kafin labari ya fara. Vibranium, ƙarfen mamakin Wakanda, bai dame ni ba, ganyen da ke ba da ƙarfi bai dame ni ba. Wannan wurin ne na ji ba zan iya ba. Idan akwai ƙasa mai wannan ƙarfi a nahiyar nan, ina take tun 2009?

Maman Ilham:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya dawo da na hannu. Ban taɓa kallon wurin ta wannan fuska ba.

Kawu Damagaram:
Amin. Ɗana, wannan ramin tun zamanin yaƙin duniya suke faɗa masa. A 1940 mujallar Look ta buga shafi biyu inda Superman ya cafko Hitler da Stalin ya kai su Geneva gaban shari'a, yaƙi ya ƙare. Da Amurka ta shiga yaƙin da gaske, 'ya'yan mutane suna mutuwa, sai suka ga ba dama. Aka sa Clark Kent ya je gwajin shiga soja, idonsa mai ratsa bango ya karanta allon ɗakin da ke gaba bisa kuskure, aka ce bai ci gwajin ido ba. Sun gane cewa ba a kai shi inda jini na gaske yake zuba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 kuma Marvel ta fitar da Spider-Man mai baƙin bango, aka zana Doctor Doom yana hawaye a wurin. Mutumin da ya sha yunƙurin hallaka birnin. Masu karatu da yawa ba su haɗiye ta ba. Shi ya sa Reed Richards, masanin kimiyyar Fantastic Four, yake ƙera ƙofar shiga wata duniya amma bai taɓa kawo maganin zazzaɓin cizon sauro ba. Ranar da ya kawo, duniyarsu ta daina kama da tamu.

Hajjo:
Yaya na Yerwa, na ji zafinka kuma ba zan yi musu da shi ba. Amma a yi wa fim ɗin adalci. Tambayar da ka yi, ina Wakanda take, ita ce fim ɗin gaba ɗaya. Nakia ta faɗa wa T'Challa ba za ta iya zama tana kallo ba, Killmonger, abokin hamayyarsa, ya zo da ita da fushi, T'Challa ya je ya tuhumi kakanninsa ya ce sun yi kuskure. A wurin nan ma Nakia ta hana shi kashe yaron da ke riƙe da bindiga, ta ce shi ma sato shi aka yi. Wani fim ɗin ko ambaton mu ba zai yi ba. Captain America: Civil War ya buɗe da Legas da aka ɗauka a Atlanta, aka fasa bene, labari ya koma kan rigimar Iron Man da Captain America.

Malamin Fiziks:
Kuma a bisa ƙa'idar da na kawo, fim ɗin bai saɓa dokarsa ba. An ce ƙasa ce mai ɓuya, ta ɓuya.

Ɗan Yerwa:
Malam, ƙa'idarka tana aiki ne idan duniyar tasu ce. Da suka rubuta Sambisa sun shigo tawa, kuma a tawa na san yadda aka ƙare. Hajjo, gaskiya ne sun yi tambayar. Da ya tashi amsawa kuma a Oakland ta Amurka T'Challa ya sayi gidaje ya buɗe cibiya, ba a Bama ko Gwoza ba. Ban ce kada a kalla ba, ni ma na kalli sauran har ƙarshe kuma Killmonger ya burge ni. Amma mutanen da suka iya ƙirƙiro ƙasashen Wakanda da Sokovia ba za su kasa ƙirƙiro sunan daji ɗaya ba.